Tsattsewa a barandar gidan haya: Maginiyar da Suleja ke neman hana wa laka

Ruwan farko na bana bai gama tsanewa a unguwarmu da ke Suleja ba sai ga su sun iso. Su biyu ne, kowace ba ta cika tafin hannun yaro ba: baya baƙi mai sheƙin shuɗi, ciki fari, goshi ja kamar an shafa musu jar ƙasa. Kwana uku suka yi suna shawagi a barandar gidan da nake haya, su shiga su fita, su maƙale a kusurwar da bango ya haɗu da rufi, su sake tashi. A rana ta huɗu na ga ɗige-ɗigen laka jere a jikin bangon, ɗanyu, kowane bai wuce ƙwayar wake ba.

Aikin tace labarai na yamma ne zuwa dare, saboda haka safiyata tawa ce. Da ita na riƙa zama a kan tabarma, da kofin shayi, ina kallon wannan gini yana tashi. Ban san cewa zan shiga rigima a kansa ba sai ranar da Baba mai gida ya zo da mai fenti, ya ce za a aurar da ’yarsa bayan mako huɗu, kuma yana so gidan ya fito fes kafin baƙi su iso. Mai fentin ya ɗaga kai ya dubi kusurwar, ya ce abin da zai fara kankarewa ke nan.

Wace tsattsewa ce?

Bahaushe bai cika wahalar da kansa wajen rarrabe waɗannan tsuntsaye ba. Duk ƙaramin tsuntsu mai tsinin fiffike da ke yanka iska yana cafke ƙwari, tsattsewa ce. Wasu kuma su ce alallaka. Amma a sararin samaniyar Suleja kaɗai akwai iri-iri, kuma bambancinsu ya fi fitowa a wajen gini.

Akwai wadda ke cika ƙarƙashin gadoji da dogayen benaye da kuka, garke guda, baƙa mai farin ƙugu. Wannan ba ta taɓa laka. Gashin tsuntsaye da ciyawar da ta cafke a iska take mannawa da yawunta, kuma ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, ba ta sauka ƙasa da son ranta. Akwai mai zane-zane a ƙirji da jan kai, wadda ke gina rufaffiyar sheƙa kamar tulun da aka manna a silin, har da ’yar doguwar ƙofa irin wuyan buta. Akwai mai sirir, dogon bindi kamar waya, wadda ba ta nisa da ruwa, ta fi son kwalbati da ƙarƙashin gada. Sai kuma baƙina na baranda, wadda masana ke kira Hirundo aethiopica, wato tsattsewar Habasha, duk da cewa ’yar gida ce a nan, tana tare da mu rani da damina.

Ita wannan ’yar’uwa ce ta kusa ga tsattsewar da ta fi kowace suna a duniya, Hirundo rustica, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan rumbu da garken dabbobi saboda a can take sheƙa. Gininsu iri ɗaya ne, renonsu kusan ɗaya, kuma yawancin abin da aka rubuta game da rayuwar wannan dangi a kan ta Turai aka rubuta shi. Ita ma tana zuwa Nijeriya duk shekara, sai dai ba ta taɓa ɗora ko ƙwayar laka ɗaya a bangonmu ba. Zan dawo kanta.

Gini da baki

Suleja gari ne da ya san darajar yumɓu. A nan ne, tun garin yana amsa sunan Abuja, Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, kuma a nan ne Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, ta fito da sunan tukwanen Gwari har duniya ta san su, hotonta ya hau takardar Naira 20. Duk wanda ya taɓa ganin maginiyar tukwane ta gargajiya tana aiki, tana ɗora nadin yumɓu a kan nadi ba tare da na’ura ba, zai gane abin da ke faruwa a kusurwar barandata. Bambancin kawai shi ne ita wannan maginiya ba ta da hannu.

Ga yadda aikin yake. Tsuntsuwar takan sauka a bakin kududdufi ko inda famfo ke yoyo, ta ɗebi laka cikin baki, sau da yawa tare da guntun busasshiyar ciyawa, ta tashi da ita. Idan ta iso bango sai ta maƙale, ta dogara da bindinta, ta manna lakar tana karkaɗa kai da sauri domin ta shige cikin ’yan ramukan filasta. Mace da namiji duka suna yi. Sheƙa ɗaya takan ci irin wannan curi sama da 1,000, ma’ana tafiya sama da dubu zuwa bakin ruwa da dawowa, kuma aikin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Da yayyafi kogi kan cika.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinsu da bushewa. Da safe suke yawancin ɗaukar laka. Da rana ta take sai su bar ginin su tafi kiwo. In da za su ci gaba da ɗorawa a kan ɗanye, nauyin zai ɓamɓaro shi daga bango. Duk tsohon magini da ya tashi da tubali da azara ya san wannan doka: a cuɗa ƙasa da ciyawa domin kada ta tsage, a ɗora sahu, a bar shi ya sha iska kafin a ƙara wani. Sai dai kakanninmu da rani suke gini domin gudun ruwa, ita kuwa tsattsewa damina take jira, don sai an yi ruwa ake samun laka, kuma sai an yi ruwa ƙwari ke tashi.

Da ginin ya kammala, ya zama kamar rabin ƙoƙo da aka manna a bango, bakinsa a buɗe, tsakaninsa da silin bai wuce faɗin yatsu uku ba. Wannan matsi da gangan ne: hankaka ba zai iya tura kai ba, ruwa ba zai shiga ba. Sannan suka shimfiɗa lallausar ciyawa da gashin kaji, wanda na ga namijin yana cafkewa a iska a bayan gidan maƙwabcinmu mai kiwo.

Daga ƙwai zuwa fiffike

A Turai tsattsewa takan saka ƙwai huɗu zuwa biyar, farare masu ɗige-ɗigen ja-ja. Tamu ta nan ba ta cika wuce uku ba. Haka abin yake ga yawancin ƙananan tsuntsayen ƙasashe masu zafi, kuma ɗaya daga cikin dalilan da masana ke bayarwa shi ne tsawon yini: a arewacin Turai, lokacin da suke reno, rana takan yi awa 16 ko fiye ba ta faɗi ba, mu kuwa yininmu bai cika nisa da awa 12 ba. Iyayen da ke ciyarwa da abin da suka kamo a iska, hasken rana ne jarinsu.

Ƙwai ɗaya ake sakawa kowace safiya. Uwar ce ke ɗaukar nauyin kwanci, kimanin mako biyu, tana tashi na ’yan mintoci ta ci abinci ta dawo. Namijin yakan zauna a kan wayar lantarki da ke ƙofar gida yana ’yar waƙarsa, yana kuma gadi. Na ga ranar da kyanwar gidan ta hau katanga. Kafin ta daidaita zama sun yi mata caa, su biyu, suna kawo mata farmaki har gab da kunne suna wani kuka mai kaifi, sai da ta sauka ta bar musu wurin.

’Ya’yan sukan fito tsirara, ido a rufe, ba abin da ke gare su sai ciki da baki. Bakin kuwa abin kallo ne: faffaɗa, gefensa rawaya, cikinsa ja, yadda ko a duhun kusurwa iyayen ba za su ɓata ba. A kwanakin farko uwar takan zauna a kansu domin ba su iya riƙe ɗumin jikinsu ba. Daga nan sai aikin gaske ya fara. Iyayen ba ƙwaro ɗaya suke kawowa ba. Sukan tara ƙudaje da sauran ƙananan ƙwari a maƙogwaro, su dunƙule su, su zo su tura a bakin ɗa guda cikin ƙiftawar ido, su juya. An ƙirga irin wannan zirga-zirga har kusan sau 400 a yini guda a sheƙar tsattsewar Turai. Ni ban ƙirga tawa ba, amma na lura da cewa shayina bai taɓa hucewa ba tare da an kawo abinci sau goma ba. Washegarin daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, gara mai fiffike ta tashi, ranar kam biki aka yi.

A nan ya kamata in gyara wata magana da masu son tsuntsaye ke yawan faɗa, cewa tsattsewa maganin sauro ce. Tana cin sauro idan ta same shi, amma abincinta na ainihi ƙudaje ne da ƙwarin da suka fi sauro tsoka, kuma sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake fitowa, lokacin da ita ta yi barci. Kada wanda ya naɗe gidan sauronsa saboda tana barandarsa. Amfaninta a kan ƙuda ne, kuma garin da ke da mayanka da kasuwanni da buɗaɗɗun kwatoci kamar namu bai kamata ya raina mai rage masa ƙuda ba.

Sai batun kashi, wanda shi ne asalin ƙiyayyar da ke tsakanin tsattsewa da matan gida. Da farko babu matsala, domin kashin jariran yakan fito a cikin wata farar jaka mai yauƙi, iyayen su ɗauke ta da baki su jefar can nesa. Amma da ’ya’yan sun kusa mako biyu sai su koyi juya baya su yi ta bakin sheƙa. Daga ranar duk abin da ke ƙasa ya shiga uku. Wannan ƙazanta ta kimanin kwana goma ita ce ke jawo sandar tsintsiya, kuma tana zuwa ne daidai lokacin da rushe sheƙar ke nufin kashe ’ya’yan da saura ƙiris su tashi.

Bayan kimanin mako uku da ƙyanƙyashewa sukan fita. Ba sa nisa a ranar farko. Sukan jeru a kan waya ko igiyar shanya, iyayen na ci gaba da ciyar da su, wani lokaci a cikin iska, baki da baki. Da yamma su koma sheƙa su kwana. Bayan mako guda ko fiye sai kowa ya kama gabansa, kuma yawancinsu ba za su ga damina ta biyu ba. Shi ya sa iyayen kan sake sakawa a wannan sheƙar kafin ruwa ya ɗauke, kuma shi ya sa tsohuwar sheƙa ke da daraja: wadda ta same ta a tsaye ta huta da tafiya dubu.

Baƙuwar hunturu

Idan damina ta ja baya, wajen watan Satumba zuwa Oktoba, sai wata tsattsewa ta bayyana a kan gonaki da fadamu da bayan garken shanun Fulani. Ta ɗan fi tamu girma, maƙogwaronta ja ne sosai, da baƙin ɗauri a ƙirji, da bindi mai rassa biyu dogaye. Ita ce ta Turai. Nauyinta bai cika wuce giram 20 ba, amma ta ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara kafin ta iso. A nan take canza gashi, ta yi ƙiba, wajen Maris zuwa Afrilu ta juya, sau da yawa zuwa rumbun da ta bari, har ma sheƙar da ta bari.

Abin dariya ne yadda kowane ɓangare ya riƙe rabin labarin. Manomin Zazzau yana ganinta da rani bai taɓa ganin ƙwanta ba. Bature yana ganin ƙwanta bai san inda take shiga da sanyi ba. Aristotle ya ɗauka ɓuya take yi a ramuka. Har a ƙarni na 18, babban masani irin Linnaeus ya yarda cewa a ƙarƙashin ruwa take kwana har sanyi ya wuce. Zoben ƙarfe ne ya raba gardama: wata da aka sa wa zobe a ƙafa a yankin Staffordshire na Ingila a 1911, an same ta a Natal ta Afirka ta Kudu a watan Disambar 1912.

Nijeriya na da babban matsayi a wannan tafiya. A kusa da Boje, cikin Ƙaramar Hukumar Boki ta Jihar Kuros Riba, akwai gangaren tsauni mai dogayen ciyayi inda tsattsewar Turai fiye da miliyan guda ke taruwa su kwana, ɗaya daga cikin manyan makwantansu a Afirka. A shekarun 1990 ne labarin wurin ya isa ga masana, tare da labarin cewa mutanen yankin na kama su da sanduna masu danƙo domin nama, har aka ƙiyasta wajen 200,000 a shekara. Zobban da aka tarar a hannun mafarautan sun fito daga ƙasashen Turai da dama. Ban ga laifin mai neman abin miya ba. Aikin da aka yi daga baya na samar wa mutanen wata hanyar nama da kuɗin shiga ya fi zagi amfani. Amma yana da kyau mu san cewa tsuntsuwar da Estoniya ta ɗauka a matsayin tsuntsuwar ƙasa, har ta buga hotonta a takardar kuɗinta kafin ta koma yuro a 2011, rabin rayuwarta a irin ƙasarmu take yi. A Birtaniya, dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta rushe sheƙar da ake amfani da ita. A nan, hukuncin yana hannun mai gida da mai fenti.

Garin da ya rufe ƙofa

Tsattsewar gida abu uku take buƙata: ɗanyar laka kusa, bango mai kaushi a ƙarƙashin inuwa, da ƙwari a iska. Tsohuwar Suleja, garin da Abu Ja ya kafa a 1828 bayan sarautar Haɓe ta baro Zariya, ta tanadi duka ukun ba tare da niyya ba. Zaure a buɗe yake yini guda, azara na da wurin dafawa, kududdufin da aka haƙi ƙasar gini na bayan gida, dabbobi na tsakar gida.

Tun da aka ɗauki sunan garin aka ba sabon babban birnin tarayya bayan dokar 1976, shi kuma ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau, garin ya zama ɗakin kwanan Abuja. Ma’aikata irina da tsadar haya ta koro, da waɗanda rusau ya taso, duk nan muka tare, daga Madalla har Kwamba. Ginin da ya biyo mu na wani irin zamani ne: tsakar gida an malale da siminti ko intalok, kududdufai an cike an yanka filaye, baranda an rufe da gilashi da ƙarfe, bango an goge shi sumul an shafa fenti mai santsi, silin na roba. Laka ba ta kama roba. Inda kuma aka bar kwanon rufi tsirara, zafin rana kan gasa sheƙar da ke dab da shi har ’ya’yan su faɗo tun ba su yi gashi ba. A gonakin bayan gari kuwa, feshin maganin ciyawa da na ƙwari ya zama ruwan dare.

Kada a ɗauka tsuntsuwar na gab da ƙarewa. Ba ta cikin jerin masu fuskantar barazana, kuma gadoji da kwalbatoci da kangayen da ba a ƙarasa ba sun ba ta sababbin masaukai. Abin da ke raguwa shi ne zamanta tare da mu. Yaron da ya tashi a gidan zaure ya ga kwanci da ƙyanƙyasa da tashi da idonsa kafin ya karanta su a littafin kimiyya. Ɗan da ya tashi a bayan gilashi sai dai ya gani a waya, kuma mai yiwuwa ta Turai zai gani.

Abin da zaman tare ke buƙata kaɗan ne. Guntun katako ko kwali da aka kafa kamar kamu biyu a ƙasan sheƙa zai tare kashin. Kada a matsar da shi sosai, don kyanwa na iya mayar da shi tsani. Ɗan da ya faɗo da ransa a mayar da shi, iyayen ba za su ƙi shi don hannun mutum ya taɓa shi ba. Wanda kuma ba ya son sheƙa a ƙofarsa sam, ya hana tun curin farko, ko ya jira sai an tashi. Daga fara gini zuwa tashin ’ya’ya bai cika wuce mako bakwai ba.

Wannan lissafin na kai wa Baba mai gida, bayan na gaishe shi na zauna a ƙasa kamar yadda ya kamata ɗan haya mai neman alfarma ya yi. A lokacin uwar ta kwana biyar a kan ƙwai. Na ce masa ranar ɗaurin aure ’ya’yan za su kasance da kimanin kwana 19, wato a tsakiyar kwanakin ƙazanta, ban ɓoye masa ba. Ya yi shiru, ya ce a gidan mahaifinsa ba a taɓa irin wannan sheƙa, tsofaffi na ganin alheri ne tsuntsu ya zaɓi gidanka, amma shi abin da ya dame shi kayan baƙi. Na ɗauki alkawarin katako da shara safe da yamma. Mai fentin bai ji daɗi ba, domin sai da ya zagaye kusurwar da burushi, ya bar wani murabba’i na tsohon launi wanda har yau yake nan kamar faci a sabuwar riga.

Ranar biki, ’yan kai amarya sun cika barandar da guɗa, kawuna uku na leƙowa daga bakin laka, iyayen na ratsa tsakanin ɗankwalaye da abinci a baki. Wata gwaggon amarya ta matsar da kujerarta tana mita. Kwana uku bayan haka biyu suka tashi. Na ukun ya ƙara kwana ɗaya. A makon jiya na ga sabuwar laka, mai duhu, a bakin tsohuwar sheƙar, kuma Baba ya aiko yaro ya gaya mini cewa mai fentin zai dawo ya ƙarasa kusurwar da zarar an shiga kaka.